Ƙasar da Na Kai Awo

Leda ashirin da uku na cika da ƙasar ƙauyenmu,
kowace na ɗiga mata lamba da shuɗiyar tawada.
Inna Tasalla ta tsaya bakin kunya, ta riƙe haɓa,
ta ce, "Barira, mu dai gero muka san ana kaiwa awo."

Ta farko daga bakin ramin 'yan zinari na ɗebo,
inda Ɗanlami ke juya zaiba a tafin hannu,
ta dunƙule, ta watse, ta sake haɗa kanta,
yana dariya wai ruwa ne da ba ya jiƙa mutum.
Da dare ya ɗora ta a cokali bisa garwashi,
zinari ya zauna, ita ta tashi.
Ba wanda ya tambayi inda ta nufa.
Kowa ido na kan abin da ya rage a cokali.

A ɗakin gwaji na Katsina na shanya ƙasar,
na daka, na tankaɗe kamar mai shirin tuwon dare.
Sau biyu aka ɗauke wuta, na zauna cikin duhu da ita,
tana ƙamshin ruwan farko, ƙamshin gida.
Da na'ura ta buɗe baki, da lambobi ta yi magana.

Zaiba ba ta son zurfi.
Taƙi ɗaya ta sauka ta lafe a baƙar ƙasa,
inda ganye ke ruɓewa, inda yara ke tonon gyare.
Shi kuwa arsenik ɗan gida ne,
yana barci cikin dutse tun ba a ɗora ganuwar birni ba,
injin niƙa ya tashe shi.
Ba launi, ba wari, ba sallama,
ya bi ruwan damina gangare-gangare
har fadamar Kawu Nomau, ya kwanta gindin albasa.

Na zana taswira, na ɗiɗɗiga ja inda ya yi yawa.
Na zaci ramin ne zai fi kowa jini.
Ashe lamba sha bakwai ce:
kwarin da Inna ke haƙar yumɓu tun ina goye,
kwarin da masu juna biyu ke gutsurar farar ƙasa
su ɓoye a gefen zane, su tauna da la'asar.

Na sake awo. Na sake.
Na wanke kwalabe, na zargi hannuna, na zargi na'ura.
Lambar ba ta motsa ba.

Malamina ya ce, "Wannan aiki ya yi kyau, za a buga."
Na ce na gode.
Ban gaya masa wanda ya biya kuɗin makarantata ba,
da yadda shayi ke zuba yanzu kafin ya kai bakinsa,
shi da ke zare ƙaya da allura ba ya kuskure.

Ranar kasuwa na hau mota daga Ƙofar Yanɗaka,
takarda a ƙirji, nauyinta ya fi na buhu.
Na tarar Inna ta fito da sababbin randuna,
jajaye, suna amo in an ƙwanƙwasa.
Ta ce, "To, 'yar boko, nawa suka yi wa mudun ƙasarmu?"
Ta tsoma moɗa, ta miƙo mini ruwa mai sanyi,
sanyin da firij bai taɓa iyawa ba.

Na karɓa da hannu biyu, yadda ta koya mini.
Fuskata na rawa a ciki.
Tana jira in sha, kafin in yi magana.